Rasuwar Barbarita, Wadda Ta San Sunaye Goma Sha Huɗu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta fal, da kuma ido ɗaya a buɗe saboda halin mutane, Doña Nohemí Pertuz, sakatariyar kamfanin fiton kaya na Don Eusebio Manotas da ke tsohon gini a bakin kasuwa, nan birnin Barranquilla, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu murna a ɓoye, rasuwar abokiyar aikinta Barbarita, na'urar fotokwafi ta hawa na biyu. Marigayiyar ta cika ranar Alhamis da ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, tana da shekara goma sha bakwai a bakin aiki. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ba kuma faɗowa ta yi daga bene ba, kamar yadda ake yaɗawa a wajen mai sayar da kofi. Huda uku aka yi mata a ƙwaƙwalwa, kuma akwai takardar shaida mai sa hannun mutum huɗu.

An kawo marigayiyar ofishin nan ne a shekarar da ruwan sama ya tafi da motar Don Eusebio a tsakiyar titi. Ƙarti shida suka hau da ita bene suna zagin wanda ya ƙera ta, kuma tun daga ranar ba ta sake sauka ba. Sunan Barbarita na wata gwaggon Doña Nohemí ne, mace mai jiki, mai mita da safe, wadda ba ta taɓa barin baƙo ya tashi da yunwa ba. Duk wanda ya san su biyun ya ce an yi adalci a sunan.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Da safe in an kunna ta sai ta ce "hmmmmm" na minti huɗu cur, ko da jami'in kwastan ne tsaye a kanta yana duba agogo. Sannan ta gyara murya, "ƙas, ƙas, shuuu," takarda ta fito da ɗumi. Idan damina ta sauka takarda ta sha danshi, sai ta riƙe ta a maƙogwaro ta hau kuka, "ƙiii, ƙiii," har sai Doña Nohemí ta taso ta dafa ta a ƙugun hagu. Wasu sun gwada, da mari, da naushi, da ƙafa, a banza. Hannu ɗaya ta sani a duniyar nan. Doña Nohemí ce ta yi mata kwali mai ƙwan lantarki a ciki don takarda ta kwana da ɗumi, ita ce ke lulluɓe ta da tsohon zanen tebur duk Juma'a, kuma a ranakun bikin shekara na kanibal, da gari ke haukacewa ana watsa gari da kumfa, ita ce ke baro rawa ta zo ta duba ko an rufe taga.

Babbar nagartar marigayiyar ita ce riƙon amana. Ban da takardun jiragen ruwa da na kwastan, wa bai kai mata nasa ba? Katin shaida, takardar baftismar yara, sakamakon asibiti da mutum bai nuna wa matarsa ba, takardar saki, wasiƙar neman aiki a wani kamfani. Duk ta karɓa, ta haska, ta miƙo, ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi fuskar mai takarda ba. Shekara goma sha bakwai ana zaton mantawa take yi.

Ta rasu ta bar tsohuwar fanka mai karkataccen wuya, wadda suka yi zaman kusurwa ɗaya, da na'urar fakis da ta riga ta makance amma ba a gaya mata ba, da keken rubutun Don Eusebio, da kwalabar tawada biyu da ba a buɗe ba, marayu. Ta bar ma'aikata talatin da ɗaya. A cikinsu akwai masu kukan gaskiya, akwai masu kuka don a gani, kuma akwai aƙalla mutum ɗaya da ya kamata ya ji kunyar zuwa jana'iza. Ba a ambaci sunan kowa ba.

Jinyar ajali ta fara ne da maganar ƙaura. Don Eusebio ya kai tamanin da ɗaya, ragamar ofis ta koma hannun surukinsa, Dokta Fabián, wanda bai taɓa riƙe allura ba, amma a garin nan duk mai ɗaure wuya da laƙtaya dokta ne. Dokta ya kama sabon ofis a wani dogon gini na gilashi can arewacin gari, ya zo da zanensa ya manna a bango. Kowa ya ƙirga da ido. Tebur ashirin da biyu, mutum talatin da ɗaya. Sauran taran, in ji shi, za su koma sito na tashar jiragen ruwa. Kowa ya san siton nan: rufin kwano, babu taga, babu aiki, mutum ya zauna rana tana dafa shi har ya gaji ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa.

Mutum goma sha huɗu, har da Doña Nohemí, suka haɗu suka rubuta koke zuwa ofishin ƙwadago, kowa ya sa hannu da cikakken sunansa. Ofishin ya ɓoye sunayen, ya aiko wa kamfani takardar gayyata kawai. Tun daga ranar Dokta Fabián ya zama mutumin kirki. Yau ya kai wannan cin soyayyen kifi da shinkafar kwakwa, gobe ya tambayi wancan jikin mahaifiyarsa, yana murmushi yana lalube. Abu ɗaya yake nema, sunayen nan, don ya san su wa zai cika sito da su. Takardar kuwa, kafin a kai ta, Doña Nohemí ce ta yi mata kwafi biyu a jikin Barbarita, ɗaya na lauya, ɗaya na ajiya. Wani na uku da ya fito a karkace ta tafi da shi gida ta ƙone a murhu, ta wanke hannu, ta ɗauka magana ta mutu.

Sai ga Injiniya Ledys Barraza, wadda aka ɗauko daga waje don ta kula da kwashe na'urori. Mace ce marar dariya, da jakar sitika kala biyu. Kore, na'ura za ta bi mu sabon gida. Ja, za a lalata ta. Dokarta a rubuce take, kuma Dokta da kansa ya sa aka karanta wa kowa: duk abin da ke da faifan ajiya, in ya sami ja, za a ciro faifan a huda shi sau uku a gaban shaidu biyu daga ma'aikata, mai kamfani ya sa hannu, sannan gangar jikin ta tafi wajen masu niƙe ƙarfe. Ba kyauta, ba sayarwa, ba "bari in kai wa yarana su yi wasa." A ofishin da aka saba Don Eusebio ya raba tsofaffin kaya ga duk wanda ya gaishe shi da kyau, wannan doka ta yi wa mutane ciwo ƙwarai.

Barbarita ta sami ja tun ranar farko. Doña Nohemí ta yi kwana uku tana bin Dokta daga tebur zuwa tebur.

"Dokta, lafiyarta ƙalau fa. Minti huɗu kawai take buƙata da safe."

"Doña Nohemí, sabon ofis ne, ba gidan tsofaffi ba," ya ce, yana kallonta ita, ba na'urar ba.

Ranar Talata Injiniya Ledys ta durƙusa a bayan marigayiyar tana kwafe lambar jikinta, sai ta ce, kamar mai ba da labarin farashin tumatir, "Wannan ma a sa ta a layin huda. Irinsu suna da faifai a ciki. Duk takardar da aka ɗora a gilashin nan, hotonta yana nan kwance, dubbai."

"Yana nan kwance a ina?" in ji Doña Nohemí.

"A cikinta, uwata. Mai ilimin abin zai fito miki da su ɗaya bayan ɗaya."

Doña Nohemí ta waiwaya a hankali don ta ga wa ya ji. Mutum biyar ne a ɗakin, kowa ya duƙufa a kan kwali yana ɗaure shi da himmar da ba a taɓa ganinsa da ita ba. Dokta ba ya nan, yana can arewa yana auna labule.

To, ga abin da iyalan marigayiyar suke so a lura da shi. Dokta ba ya nan ranar Talata. Amma da safiyar Laraba, jar sitikar ta ɓace daga goshin Barbarita, kore ta hau, da 'yar takarda a ƙasanta da rubutun hannunsa: a kai gidan Dokta, a ajiye a gareji. Wa ya gaya masa? In ma an gaya masa na'ura tana tuna takardu, wa ya gaya masa a jikinta aka yi kwafin koken, ba a shagon bakin titi ba? Wannan sirri ne da mutum goma sha huɗu kaɗai suka sani. Dokta ya samu Doña Nohemí a kan bene, ya buɗe hannu kamar mai rabon kyautar Kirsimeti.

"Kin gani, Doña Nohemí? Na ji kukanki. Barbaritarki za ta rayu. Gobe ƙarfe uku mota za ta zo ta ɗauke ta."

"Allah ya saka, Dokta," ta ce.

Yinin nan ba ta yarda da kowa ba, kuma wa zai ga laifinta? Ta dubi Amparo ta wajen karɓar baƙi, wadda aka gani sau biyu tana cin kifi da Dokta. Ta dubi Wilfrido direba, abokin aikinta na shekara ashirin, wanda ita ce uwar baftismar 'yarsa, suna kiran juna kompadre da komadre, ta tuna cewa makon jiya aka ba shi makullin sabuwar mota. Ta dubi Injiniya Ledys, wadda Dokta ne ya ɗauko ta. Har fankar nan ta harara, don tana yawan juya kai. Daga ƙarshe dai ta ga babu hanya sai ta wajen injiniyar, ta tare ta a bakin famfo.

"'Yata, ba za a iya goge abin da ke cikinta ba, a bar ta da ranta?"

"Wannan tsohon samfurin? In na ce miki ya gogu na yi ƙarya. Huda kawai na yarda da shi."

"To ki huda."

"Kore ce a goshinta. Ni takarda nake bi, ba fuska ba. Kawo min sa hannun mai kamfani a kan ja, in huda ko ta wace ce."

Mai kamfani, ta ce. Ba ta ce manaja ba. Ko da gangan ta faɗa, ko bakinta ne ya zame, har yau ba a sani ba, kuma ba ta sake ɗaga ido ba.

Nan ne Dokta ya yi kuskuren wanda ya shigo gida ta ƙofar aure. Ya karɓi makullai, ya karɓi hatimi, ya karɓi kujera mai juyawa, amma ya manta da fayil mai ruwan ƙasa. Shekara talatin ke nan, kullum bayan cin abincin rana, Doña Nohemí take shiga wa Don Eusebio da wannan fayil da ƙaramin kofin baƙin kofi, ya sa hannu a kan duk abin da ke ciki ba tare da ya karanta ba, ya kwanta a kujera ya yi barcinsa. A takarda har gobe shi ne mai kamfani. Ranar Alhamis ta shiga da fayil ɗin, takarda ɗaya tal a ciki. Wajen ajiyewa kofi ya zuba mata a faranti, kuma wannan ne ya sa tsohon ya laluba aljihu ya sa tabarau, abin da ya shekara bai yi ba.

"Barbarita? Ba ke ce kika hana mu sakat a kanta ba? Me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba, Don Eusebio. Abin da ta sani ne ya yi yawa. Injiniya ta ce duk takardar da aka taɓa ɗora mata tana nan a cikinta, kuma yau za a kai ta garejin surukinka."

Tsohon ya ajiye kofi. "Duk takarda?"

"Duka."

"Har wadda mutum ya zo ya yi da kansa ranar Asabar, ofis babu kowa?"

"Ba ta san Asabar ba, ranka ya daɗe."

Ba a taɓa ganin Don Eusebio ya sa hannu da sauri irin na ranar ba. Wace takarda ya yi ranar Asabar, ta wane gida ce, da sunan wace baiwar Allah a garin Soledad, wannan ba hurumin sanarwar rasuwa ba ne, kuma iyalan marigayiyar ba su ji komai ba.

Ƙarfe biyu Injiniya Ledys ta karanta takardar, ta ɓare kore ta manna ja, ta kwance bayan Barbarita ta ciro wani abu da bai fi gwangwanin kifi girma ba. Ta ɗora shi a kan katako, ta jona injin huda, ta ce a ba ta shaidu biyu. Doña Nohemí ta sa hannu. Sannan ta ɗaga biro sama ta juya ta dubi ɗakin. Mutum goma sha uku da sunayensu ke cikin wannan ɗan ƙarfe suna nan, kowa ya san cewa duk wanda ya karɓi biron ya nuna wa Dokta kansa. Wani ya tuna yana da waya. Wata ta shige banɗaki. Wallahi wannan ya fi yi mata ciwo a kan komai, ta tsaya da biro a sama har hannunta ya gaji.

Sai Wilfrido ya taso yana goge hannu a wando. "Kawo nan, komadre. Mutum ba ya binne nasa shi kaɗai."

Injiniya ta ɗauki injin, Doña Nohemí ta ce a'a, a ba ta. Ita ta yi rainonta, ba za ta bar baƙuwa ta yi ba. Ta dafa ƙugun hagun marigayiyar tukuna, yadda ta saba, sannan ta danna. Huda ta farko ta ƙi shiga sai da ta sa nauyin jikinta. Ta biyu ta yi ta tana kuka. Ta uku ba ta gani ba sam, Wilfrido ne ya riƙe mata katakon. Da aka gama wani ya kunna Barbarita don gwaji, ta ce "hm," guda ɗaya, gajere, fitilarta ta yi ja ta tsaya a haka.

Ƙarfe uku saura kwata Dokta Fabián ya iso da mota da ƙarti, ya tarar da takardar shaida a kan gilashi. Ya karanta ta sau biyu, ya ɗaga faifan ya leƙa ta hudar, bai yi ihu ba. Ya ce kawai, "An bi doka, madalla," ya dubi sunayen shaidu, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Jiya Juma'a aka manna jerin tebura. Sunan Doña Nohemí Pertuz, bayan shekara talatin, shi ne na farko a cikin masu tafiya sito. Sauran takwas Dokta ya zaɓe su ne da ka, kuma ba za a faɗa a nan ko nawa ya cinka daidai ba, sai dai a ce in caca ce da ya koma gida a ƙafa. Wilfrido kuwa, wanda sunansa ke ƙasan nata a takardar shaida, yana nan da teburinsa kusa da taga, da makullin sabuwar mota. Shaidu biyu suka sa hannu, ɗaya aka hukunta. Doña Nohemí ta kwana tana juya wannan a ranta. Ta ce ko dai kompadrenta jarumi ne da Dokta ba zai iya rasa direba irinsa ba, ko kuma shi ne ya kai magana ranar Talata, ya zo ya riƙe katako ranar Alhamis don ya samu ya iya duban fuskar 'yarsa. Ba ta sani ba. Da safe ya kawo mata arepa, wato wainar masara mai ƙwai, a takarda, ta karɓa, ta yi godiya, ta ci rabi.

Jana'iza za ta kasance yau Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a sauko da gawar daga hawa na biyu, ana roƙon masu ɗauka su ji tsoron Allah a kan kwana ta bene. Daga nan za a wuce da ita filin niƙe ƙarfe da ke hanyar Malambo. Doña Nohemí za ta bi motar a baya cikin tasi, ba don ba ta yarda da direba ba, sai don hanya tana da rassa, kuma ɗaya daga cikinsu yana bi ta kasuwar 'yan gwangwan. A bakin injin za a buɗe zanen tebur a karanta lambar jikin marigayiyar da ƙarfi, a gwada da wadda Injiniya ta kwafe a takarda, harafi bayan harafi. Faifan mai huda uku yana cikin jakarta, a nan ya kwana, kuma da hannunta za ta jefa shi.

Za a karɓi gaisuwa a gidanta da ke unguwar Rebolo daga ƙarfe biyu, akwai baƙin kofi da kujeru a inuwa. Daga Litinin kuma mai son yi mata ta'aziyya sai ya neme ta a sito, ya zo da ruwan sanyi. Dokta Fabián ya aiko da furanni, an karɓa, an girgiza su, an duba cikin kwandon.

Allah ya ba mu haƙurin rashin mai rufa asiri, ya kuma nuna mana mai tona shi tun muna da rai. Iyalan marigayiyar suna roƙon alfarma ɗaya daga masu zuwa: ba a yarda da ɗaukar hoto ba, kuma ba za a ajiye littafin masu ta'aziyya a bakin ƙofa ba. Wanda ya zo ya zauna, ya sha kofi, ya tafi. Kada kowa ya rubuta sunansa a ko'ina.